Idan Umarni Ɗaya Ya Faɗi, Ina Makomar Sauran?

Laccar da aka gabatar a garin Misau ga ɗaliban kwamfuta da ma'aikatan da ke kula da rumbunan bayanai

 

 

Gabatarwa

Yankin nan namu ya cika da wuraren da ke tara bayanan jama'a. Ga Kwalejin A.D. Rufa'i a nan Misau, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ga asibitoci manya da ƙanana, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Kowanne daga cikinsu na da sunayen mutane da lambobinsu da makinsu da albashinsu da tarihin rashin lafiyarsu. Da a manyan littattafan rajista ake ajiye su. Yau kuwa sannu a hankali suna komawa rumbun bayanai na kwamfuta, kuma yaranmu ne ake ba amanar zuba su.

Wanda ke wannan aiki ba ya zama yana shigar da suna ɗaya bayan ɗaya. Jerin umarni yake rubutawa da harshen SQL, ya miƙa wa rumbun, rumbun ya bi su daki-daki daga na farko har na ƙarshe. Tambayar da ta tara mu a yau ita ce: idan ana cikin tafiya sai umarni ɗaya ya faɗi, me ya kamata ya faru da sauran? A tsaya cak? A warware duk abin da aka yi? Ko a tsallake a ci gaba?

Matsayina shi ne wannan, kuma a kansa zan gina duk bayanina: babu laifi aiki ya ci gaba bayan kuskure, amma da sharaɗi uku. Ka san wane irin kuskure ne, ka rubuta shi a inda za a gani, sannan in an gama lissafi ya fita daidai. Duk ci gaban da ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan ukun, ɓarna ce aka lulluɓe.

Abin da ke kayar da umarni a wurinmu

Bari mu fara da abin da muke gani da idonmu. A ce an ba ka takardar Excel mai ɗauke da sunayen sababbin ɗalibai dubu uku, aka ce ka zuba su a rumbu kafin gobe da safe. Ka haɗa umarni dubu uku, kowane ɗalibi da nasa. Aiki na tafiya lafiya lau, sai aka iso kan wata yarinya mai suna A'isha Sa'adu daga Jama'are. Nan take komai ya tsaya.

Me ya faru? A harshen SQL, ɗan waƙafin sama ɗin nan shi ne alamar buɗe rubutu da rufe shi. Da rumbun ya ga 'Jama'are', sai ya ɗauka sunan garin ya ƙare a kan "Jama", ragowar kuma wani umarni ne da bai gane ba. Ku duba sunayenmu: Rufa'i, Mu'azu, Isma'il, Rabi'atu, Shu'aibu, Sa'adatu. Wanda ya koyi aiki da misalan littattafan Turai zai iya shekara bai gamu da wannan ba, amma a ƙasar Misau da Katagum ba zai wuce layi ashirin ba sai ya ci karo da shi. Maganinsa shi ne kada a riƙa liƙa suna kai tsaye a cikin umarni. A rubuta umarnin da gurabe, a miƙa wa rumbun sunan daban ya sa da kansa. Wannan ƙofa da A'isha ta faɗa ba da saninta ba, ita ce dai ƙofar da masu kutse ke bi da gangan su saci bayanai, don haka toshe ta riba biyu ce.

Akwai sauran irinsu. Lambar waya tana da alƙaluma 11 kuma da sifili take farawa, sai Excel ya ɗauke ta a matsayin adadi ya cinye sifilin. Haka yake yi wa lambar asusun banki mai alƙaluma 10 idan ta fara da sifili. Lambar NIN da ta BVN alƙaluma 11 ne kowacce, sai ka ga an rubuta 10, ko an ba mutum biyu lamba ɗaya. Ranar haihuwa kuwa, mu rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa wata suke farawa. Idan rumbun na bin tsarin Amurka, 25/03 za ta faɗi domin babu wata na 25, amma 05/03 za ta wuce salin-alin ta koma 3 ga Mayu maimakon 5 ga Maris. Ku lura da wannan sosai: wadda ta faɗi ta fi wadda ta wuce alheri, domin ita ta yi ƙara an ji. Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. In ba a saita rumbun a kan UTF-8 ba, ko dai ya ƙi karɓar su, ko ya mayar da Ɗanladi alamar tambaya.

Kowane rumbu da halinsa

Abu na farko da nake so ɗalibi ya fita da shi daga zauren nan shi ne, rumbunan ba su da hali ɗaya. Wanda ya saba da wannan, in ya koma wancan da tsohon zato, zai yi ɓarna yana ganin daidai yake.

PostgreSQL, wanda a kansa manhajar DHIS2 ta tattara alƙaluman lafiya take zaune, yana da fuska biyu. Idan ka miƙa wa manhajarsa ta psql fayil na umarni haka kawai, in ɗaya ya faɗi za ta nuna saƙon kuskure ta wuce gaba abinta, a ƙarshe ma ta fita kamar ba abin da ya faru. In kana so ta tsaya, sai ka kunna ON_ERROR_STOP. Amma idan ka ƙulle umarnin tsakanin BEGIN da COMMIT, to kuskure ɗaya ya isa ya sa ya ƙi sauraron duk abin da ya biyo baya, in ka ce COMMIT ma warwarewa zai yi.

MySQL kuwa akasin haka yake a wajen fayil. Da ya gamu da kuskuren farko zai tsaya, sai in ka ƙara masa --force. Abin da ya riga ya shiga kafin tsayawar kuma ya shiga ke nan, in dai ba ka ƙulle shi ba.

SQL Server na kamfanin Microsoft yana da wani hali da ke ruɗin masu koyo. A yadda yake zuwa, kurakurai da yawa umarni ɗayan kawai suke kashewa, sauran su ci gaba har su kai COMMIT, a tabbatar da rabin aiki. Shi ya sa masu ƙwarewa ke fara jerinsu da SET XACT_ABORT ON, su kuma yi amfani da TRY da CATCH waɗanda suka shigo tun fitowar 2005.

Oracle shi ma umarnin da ya faɗi kaɗai yake warwarewa. Manhajarsa ta SQL*Plus tana ci gaba bayan kuskure, kuma in ta zo fita tana tabbatar da abin da ya rage, sai fa in ka gaya mata WHENEVER SQLERROR EXIT ROLLBACK. SQLite, wanda ke cikin kusan kowace wayar da ke aljihunku yanzu, shi ma manhajarsa ta umarni tana da maɓallin .bail da ke zaɓa tsakanin tsayawa da wucewa.

Ban kawo wannan jeri don ku haddace ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa in ba ka faɗa wa rumbu abin da zai yi ba, shi zai zaɓa maka, kuma bai san ko albashi kake biya ko sunayen 'yan ƙwallo kake shigarwa ba. Saboda haka a saman kowane jeri, kafin komai, ka rubuta hukuncinka a fili: a tsaya ko a wuce.

Aikin da ke rabuwa da wanda ba ya rabuwa

To yaya za ka yanke wannan hukunci? Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: in wannan umarni ya faɗi, na bayansa yana da ma'ana shi kaɗai?

Ɗalibai dubu uku ba su dogara da juna ba. In sunan A'isha ya ƙi shiga, ba dalilin da zai hana na Musa shiga. Wannan aiki ne mai rabuwa, kuma tsayar da shi gaba ɗaya saboda layi ɗaya ɓata lokaci ne, musamman ga wanda ke aiki da man janareto.

Amma ku dubi wannan. A ƙarshen shekara an ce ka kwashe bayanan marasa lafiya na bara zuwa teburin ajiya, sannan ka goge su daga babban tebur don a sami fili. Umarni biyu ne kacal: kwafa, sannan goge. A ce na farko ya faɗi domin faifan ajiya ya cika, kai kuma ka saita jerinka a kan ya wuce duk abin da ya faru. Na biyu zai yi aikinsa tsaf, ba tare da ko gezau ba. Ka goge abin da ba ka kwafa ba. Matar da ta zo awo bara, aka rubuta cewa jininta na hawa, za ta dawo bana a ce ba a san ta ba.

Haka batun kuɗi yake. Cire Naira dubu goma daga asusun wane, zuba ta a asusun wance: ko dai su faru tare ko kada ko ɗaya ya faru. Kowa a nan ya san zafin a cire masa kuɗi a wurin mai POS, mai POS ya ce bai gani ba. A can rumbuna daban-daban ne na bankuna da kamfanoni ke magana da juna, shi ya sa sai an jira a dawo da kuɗin. Amma a cikin rumbu guda babu uzuri, domin an daɗe da samar da magani. Masana irin su Jim Gray sun yi aiki a kansa tun shekarun 1970, kuma a 1983 Theo Härder da Andreas Reuter suka tattara ƙa'idojinsa huɗu a ƙarƙashin sunan ACID. Ta farkonsu ita ce wadda ta shafe mu: aikin da aka ƙulle wuri ɗaya, ko ya tabbata duka ko ya warware duka.

Don haka gwanintar tana wajen sanin inda za a ɗaura ƙullin. A aikin biyan albashi, duk abin da ya shafi ma'aikaci ɗaya, wato albashinsa da harajinsa da kuɗin fanshonsa da bashin da ake cire masa, ƙulli ɗaya ne da ba ya rabuwa. Amma tsakanin ma'aikaci da ma'aikaci ana iya wucewa. A cikin ƙulli babu sassauci, tsakanin ƙulli da ƙulli akwai.

Gargaɗi ɗaya a nan. A MySQL da Oracle, umarnin da ke canza ginin tebur, kamar ƙirƙira ko ƙara gurbi, yana tabbatar da duk abin da ya gabace shi nan take, ba ya warwaruwa. PostgreSQL da SQL Server suna iya warware mafi yawansu. Kada ka cusa irin wannan umarni a tsakiyar ƙulli kana zaton kana da hanyar komawa.

Yadda ake wucewa ba tare da ɓarna ba

Kowa ya taɓa ganin yadda ake lodin hatsi ranar kasuwa. In buhu ɗaya ya yage, ba a sauke motar gaba ɗaya, ba a kuma jefa shi ciki yana zuba. A jingine shi gefe, mai rubutu ya rubuta na wane ne, 'yan dako su ci gaba da aikinsu. In an gama a ƙirga, na cikin mota da na ƙasa su yi daidai da abin da aka kawo. Abin da muke nema daga jerin umarni ke nan, kuma matakai biyar ne.

Na farko, alamar komawa. Ana kiran ta SAVEPOINT, kuma duk manyan rumbunan nan suna da ita ko makamanciyarta. Kafin ka taɓa layi, ka kafa alama. In ya shiga lafiya, ka wuce. In ya faɗi, ka ce ROLLBACK TO SAVEPOINT, sai a warware wannan layin kaɗai, aikin baya na nan daram. A PostgreSQL, sashen EXCEPTION na cikin PL/pgSQL yana yi maka wannan da kansa. A MySQL akwai DECLARE CONTINUE HANDLER. A SQL Server, in ka shiga CATCH, ka fara tambayar XACT_STATE ko ƙullin na da sauran rai, domin wani kuskuren ba ya barin komai sai warwarewa.

Na biyu, tantance kuskure. Kowane kuskure da lambarsa yake zuwa, kuma iri uku ne. Akwai na layin kansa, kamar lamba da ta maimaitu: PostgreSQL na kiran sa 23505, MySQL 1062, Oracle ORA-00001, SQL Server 2627. Wannan a ajiye layin gefe a wuce. Akwai na ɗan lokaci, kamar cirko-cirko, inda ayyuka biyu kowanne ya riƙe abin da ɗayan ke jira, sai rumbun ya kashe ɗaya: MySQL 1213, SQL Server 1205. Wannan layin ba shi da laifi, a ɗan dakata a sake gwada ƙullin daga farkonsa, sau uku ko huɗu, ana ƙara tsawon jira. Sai na uku, wanda ya shafi tushen aikin: teburin babu shi, faifai ya cika, ba ka da izini. Wannan a tsaya nan take, domin duk layin da ya biyo baya zai faɗi, ko ya yi abin da ya fi faɗuwa muni. Ƙa'idar ita ce ka ambaci kurakuran da ka yarda a wuce su da sunansu. Duk wanda ba ka ambata ba, ya tsayar da aiki.

Na uku, rajistar kurakurai. Ka buɗe tebur na musamman. Duk layin da ya faɗi a rubuta lambarsa a fayil na asali, da abin da ke cikinsa yadda ya zo, da lambar kuskuren, da saƙon rumbun, da lokaci. Ka kula ka rubuta bayan ka koma kan alama, in ba haka ba warwarewar za ta haɗa da rajistar ta share. Oracle ya sauƙaƙa wannan da LOG ERRORS INTO. PostgreSQL 17 da ya fito a 2024 ya ba umarnin COPY damar tsallake layin da bayanansa ba su dace da gurbinsu ba, ya kuma faɗi adadinsu. Kada ku manta rajistar nan cike take da sunaye da lambobin mutane, don haka Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanta kamar yadda ta hau kan babban rumbu. Ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ce.

Na huɗu, iyaka. In layi goma suka faɗi cikin dubu uku, matsalar layukan ce. In ɗari biyar na farko duk suka faɗi, to fayil ɗin ne ba daidai ba, watakila an sauya jerin gurabe, suna ya koma wurin lambar waya. Ka sa iyakar da in an haura ta aiki zai tsaya. Oracle na kiran ta REJECT LIMIT, inda babu irinta kuwa ƙirge ne za ka riƙe da kanka.

Na biyar, lissafin ƙarshe. An kawo dubu uku, 2,988 sun shiga, 12 na rajista. Haɗa su, dubu uku. In bai fita ba, aiki bai ƙare ba ko da allon kwamfuta ya nuna kore. Kuma jerin ya fita da alamar da ke nuna an sami matsala, don manhajar da ta kira shi ta sani.

Ga mai manyan fayiloli, akwai hanyar da ta fi sauri. Ka zuba komai a teburin wucin gadi wanda ke karɓar kowane abu a matsayin rubutu zalla. A can ka bincika da umarni kaɗan: su wa lambarsu ba ta cika 11 ba, su wa suka maimaitu, su wa ranar haihuwarsu ba ta yiwuwa. Ka ware su, sannan ka tura masu kyau babban tebur a ƙulli ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

Haɗarin shiru

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Akwai gajerun hanyoyi da ke sa saƙon kuskure ya ɓace, kuma matasanmu na son su domin suna sa aiki ya yi kamar ya yi kyau. A Oracle ana rubuta WHEN OTHERS THEN NULL, ma'ana ko me ya faru a yi shiru. A MySQL akwai INSERT IGNORE, wanda bai tsaya ga tsallake maimaici ba: in suna ya fi gurbinsa tsawo sai ya datse shi, in gurbi na dole ya zo fanko sai ya cika shi da sifili ko ya bar shi wayam, ya kira wannan gargaɗi kawai. Wane ne ke karanta gargaɗi da ƙarfe biyun dare?

Kada ku ɗauka wannan ciwon ƙananan ofisoshi ne. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da cutar korona bai shiga alƙaluman hukuma a kan lokaci ba. Dalili shi ne an yi amfani da tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da fayil ya cika, ragowar suka zube ba tare da wata ƙara ba, aka yi kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da su ba. Da akwai mai haɗa abin da aka aiko da abin da ya shiga, da a ranar farko an gano.

Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbunsu bisa kuskure. Da aka je ɗauko kwafin ajiya, sai aka tarar wurin wayam. Manhajar da ke yin kwafin ta PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6, don haka ta daɗe tana faɗuwa. Tana aika imel na ƙorafi, amma saƙonnin ba sa isa ga kowa domin ana mayar da su a hanya. Kamfanin ya yi asarar bayanan kusan awa shida. Darasin a nan shi ne rubuta kuskure bai wadatar ba, sai an tabbatar akwai ɗan Adam da ke gani.

A gida Najeriya kuma, a watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Bayanin da aka bayar shi ne gyaran da aka yi wa manhaja ya zauna daidai a wasu manyan kwamfutoci, bai zauna a wasu ba. Aiki ya shiga rabi, jarrabawa ta ci gaba, sai da sakamako ya fita koke-koke suka yi yawa sannan aka gano. Ya kyautu a yaba wa wanda ya fito ya amsa, amma ku tuna kwanakin baƙin cikin da yaran nan da iyayensu suka shiga kafin nan.

Wuta da sabis

Akwai wani kuskuren da littattafan waje ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa abokin zamanmu ne: ana tsakiyar aiki a ɗauke wuta, ko sabis ya yanke. A nan babu CATCH da zai cece ka, domin jerin kansa ya mutu. Rumbun zai warware ƙullin da bai kammala ba in ya farfaɗo, wannan aikinsa ne. Naka aikin shi ne ka rubuta jerin da za a iya sake kunnawa daga farko ba tare da ya ninka komai ba.

Hanyar ita ce kowane layi ya kasance da lambar da ba ta maimaituwa, kuma rumbun ne da kansa zai tsare wannan doka. Ga ɗalibi, lambar rajistarsa. Ga albashi, lambar ma'aikaci haɗe da wata da shekara, ta yadda ko sau goma aka kunna jerin, albashin Maris sau ɗaya zai fita. PostgreSQL na da ON CONFLICT tun fitowar 9.5 a 2016, wanda ke ba ka damar cewa in wannan lambar na nan a bar ta ko a sabunta ta. Ka riƙa tabbatar da aiki kashi-kashi, misali kowane layi ɗari biyar, kana rubuta inda ka tsaya. Kuma ka san cewa in sabis ya yanke daidai lokacin da ka aika COMMIT, ba ka da tabbacin ya shiga ko bai shiga ba. Ka duba tukuna kafin ka sake.

Kafin duk wani babban aiki, ka ɗauki kwafin ajiya, ka kuma gwada dawo da shi a wata kwamfutar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Ƙannena ɗalibai, in kun rubuta jeri, kada ku gwada shi da bayanai masu tsabta kaɗai. Ku sa masa Rabi'atu da Ɗanjuma, ku sa lamba mai alƙaluma 10, ku maimaita layi da gangan, ku zare waya ana tsakiyar aiki, ku ga abin da zai yi. Wanda bai ga jerinsa ya faɗi a ɗakin gwaji ba, zai gan shi ya faɗi ranar biyan albashi.

Malamanmu, ina roƙon a ba wannan babi haƙƙinsa a aji. A riƙa ba ɗalibi fayil mai datti, a ba shi maki a kan yadda ya yi da layukan da suka ƙi shiga.

Shugabannin ofisoshi, ba sai kun iya SQL ba. In ma'aikaci ya zo ya ce an gama, ku yi masa tambaya uku: nawa aka kawo, nawa suka shiga, ina jerin waɗanda ba su shiga ba? Kuma in ya kawo muku jerin kurakurai, kada ku yi masa faɗa. Ranar da kuka hukunta mai kawo rahoton kuskure, ranar kuka koya wa ofis ɗin gaba ɗaya ɓoyewa.

Layin da ya faɗi mutum ne: ɗalibar da za ta zo duba sunanta a allo, ɗan fanshon da ke jiran alat, majinyacin da ke jiran a ciro katinsa. Amana ce aka damƙa mana, kuma za a tambaye mu a kanta. Ku bar aiki ya ci gaba inda ya halatta, ku tsayar da shi inda ya wajaba, kada kuma ku bar kuskure ko ɗaya ya wuce ba a rubuta shi ba.